Tsohuwar ganuwar Balaklava a hotunan yaƙin Kirimiya: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara bin tarihin ɗaukar hoto a fagen yaƙi, ko ba daɗe ko ba jima sai ya ci karo da wani hoto mai ruwan ƙasa-ƙasa, a sama ga tsauni da rusassun hasumiyoyi, a ƙasa kuma ga jiragen ruwa sun cunkushe a wani ɗan lungu. Tambayoyin nan su ne ɗalibai da masu sana'ar hoto da masu son tarihi suka fi maimaitawa a kansa, na fara da masu sauƙi sannan na gangara zuwa masu ɗan zurfi.

Wai ina ne wannan wurin, kuma wane yaƙi ake yi?

Balaklava ne, wani ƙaramin gari a kudancin yankin Kirimiya, a gaɓar Bahar Aswad, kusa da birnin Sevastopol. Yaƙin kuma shi ne yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, Rasha a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba) da Birtaniya da Faransa, daga baya masarautar Sardiniya ta Italiya ta shigo a 1855. Don mutum ya gane zamanin, lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne yake kan gado a Sakkwato.

Sojojin ƙawance sun sauka Kirimiya a watan Satumba 1854 da nufin kama Sevastopol, inda Rasha take ajiye jiragen yaƙinta. Suka zagaya ta kudu, Faransawa suka ɗauki mashigin Kamiesch, Ingilishi suka ɗauki Balaklava. Daga nan har ƙarshen yaƙin duk abin da sojan Ingila zai ci, zai sa, zai harba, ta wannan 'yar tashar yake shigowa.

Su wa suka gina ganuwar da ke saman tsaunin?

'Yan kasuwar Jenowa ne, wani birni na Italiya da a wancan zamanin jamhuriya ce mai zaman kanta mai jiragen ruwa birjik. Tun bayan yarjejeniyar da suka yi da Rumawan Gabas a 1261 suka samu damar shiga Bahar Aswad, suka kafa zangonni a gaɓar Kirimiya, babban shi ne Kaffa (Feodosiya ta yanzu), sai Soldaya (Sudak), sai wannan da suke kira Cembalo. Sun kama wurin wajen tsakiyar ƙarni na 14, kuma akwai rubutun dutse da ya nuna ana aikin ginin a 1357. Fataucinsu hatsi ne da gishiri da kifi da fatu, da kuma bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, cinikin bayi na cikin manyan abin da ya riƙe garuruwan nan.

Ginin hawa biyu ne, akwai unguwar ƙasa da ganuwa ta kewaye, akwai kuma ta can ƙololuwa inda hakimin da Jenowa take turowa yake zaune, da babbar hasumiya zagayayya wadda ita ce ta fi fitowa a hotuna. A 1433 Girkawan garin suka yi bore suka miƙa shi ga masarautar Teodoro da ke cikin duwatsu, shekara ta zagayo Jenowa ta turo rundunar jirage ƙarƙashin Carlo Lomellini ta ƙwace abinta da ƙarfin tsiya. A 1475 Turkawa suka share duk zangonnin Jenowa na Kirimiya, har da wannan.

To yaƙin 1854 ne ya rusa ta haka?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure, su ga kango a hoton yaƙi su ɗauka igwa ce ta yi ɓarnar. Ganuwar ta riga ta zama kufai tun kafin a haifi kakannin sojojin da ke cikin hoton. Bayan Turkawa sun karɓe ta darajarta ta yi ta raguwa, lokacin da Rasha ta haɗiye Kirimiya a 1783 ba kowa a ciki, ruwa da iska da masu kwasar dutse sun yi aikinsu.

Abin da ya faru a 1854 ɗan kaɗan ne. Ranar da Ingilishi suka iso a ƙarshen Satumba, wasu tsirarun sojojin bataliyar Girkawa ta Balaklava, masu yi wa Rasha aiki ƙarƙashin Kanar Manto, suka fake cikin kangon suka yi ta harbi da 'yan ƙananan igwoyinsu har harsashi ya ƙare, aka mayar musu da wuta ta tudu da ta ruwa, sannan aka kama su. Ɓarnar da ta fi muni daga baya ta zo, duba tambayar ko ganuwar tana nan har yau.

Wa ya ɗauki hotunan, kuma wa ya tura shi?

Mafi shahara su ne na Roger Fenton, Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1819. Lauya ne a karatu, ya kuma koyi zane a Faris, sannan ya faɗa harkar hoto, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Landan a 1853, ya yi wa gidan tarihin Birtaniya aiki, har iyalan Sarauniya Victoria ya ɗauka. Ya ma taɓa zuwa Rasha a 1852 ya ɗauko hotuna a Kiev da Mosko. Wato ba ɗan koyo ba ne aka tura.

Kuɗin tafiyar daga kamfanin Thomas Agnew da 'ya'yansa na Manchester ya fito, masu buga hotuna da zane-zane suna sayarwa, shi kuma Yarima Albert mijin Sarauniya ya ba shi wasiƙun gabatarwa zuwa ga manyan hafsoshi. Ya sauka Balaklava a watan Maris 1855, ya bar Kirimiya a ƙarshen Yuni da kwalara a jikinsa, ya koma gida da hotuna kusan 360. A riƙe maganar Agnew ɗin nan, don za ta dawo a tambayar me ya sa babu gawa.

Gaskiya ne shi ne mai ɗaukar hoton yaƙi na farko a duniya?

Ana yawan faɗa, amma ba haka ba ne. An ɗauki hotunan sojojin Amurka a Saltillo lokacin yaƙinsu da Meziko wajen 1847. Wani likitan soja, John McCosh, ya ɗauki hotuna a Indiya da Burma (Myanmar ta yanzu) tsakanin 1848 da 1852. Stefano Lecchi ya ɗauki rusassun gine-ginen birnin Rum bayan ƙawanyar da aka yi masa a 1849. Ko a wannan yaƙin ma Carol Szathmari na Bukares ya riga shi, ya ɗauki sojojin Rasha da na Turkiyya a bakin kogin Danube a 1854. Gwamnatin Birtaniya kanta ta tura wani mai suna Richard Nicklin kafin Fenton, sai dai shi da mataimakansa da duk aikinsu sun nutse a guguwar Nuwamba 1854 a bakin wannan tashar ta Balaklava.

Abin da za a ce game da Fenton ba tare da ƙari ba shi ne, nasa ne tarin hotunan yaƙi na farko mai yawa da ya tsira, aka baje shi jama'a suka gani, aka sayar.

Da wace irin kyamara ya yi aiki, kuma a ina yake wanke hoton?

Akwatin katako ne babba a kan ƙafa uku, ba fim, gilashi ake sawa. Dabarar sabuwa ce a lokacin, Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851, ana ce mata jiƙaƙƙen kolodiyon. Ga yadda take: ka goge gilashi tas, ka zuba masa wani ruwa mai danƙo da aka haɗa da audugar albarushi narkakkiya, ka karkata shi ya bi ko'ina, sai ka shiga duhu ka tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa na 'yan mintoci, ka sa shi a wani ƙaramin akwati da haske ba ya shiga, ka ruga wajen kyamara, ka buɗe murfin madubi da hannu kana ƙirga daƙiƙu, ka rufe, ka sake rugawa cikin duhu ka wanke kafin ya bushe. Duk wannan cikin kamar minti goma zuwa sha biyar, in gilashin ya bushe to an yi asara. Abin da zai fito dodon hoto ne a jikin gilashi, daga shi ake buga na takarda.

Tunda dole ɗakin duhu ya kasance kusa da inda ake ɗauka, sai Fenton ya sayi keken doki na wani mai sayar da giya ya mayar da shi ɗakin wanki, da wurin kwana da na girki duk a ciki. Ya zo da kyamara biyar da gilasai wajen 700 da akwatunan kaya talatin da wani abu. Akwai hoton keken da mataimakinsa Marcus Sparling zaune a gaba, shi ma ya shahara ƙwarai. Wahalar da ya sha tana cikin wasiƙun da ya riƙa aikawa gida: ƙura tana manne wa jiƙaƙƙen gilashi, ƙudaje, ruwa mai tsabta yana wuya, ya karya haƙarƙari tun farkon zuwansa, da zafi ya shigo kuma sai ya zama da sassafe kawai yake iya aiki don da rana ta ɗaga ruwan yana bushewa tun kafin ya gama zubawa. Ga sojoji da hafsoshi da suka dame shi kowa a ɗauke shi ya aika wa iyalinsa.

Me ya sa sama take fari fat, ruwa ya yi sumul, wasu mutanen kuma kamar inuwa?

Abu biyu ne. Na farko sinadarin da ke jikin gilashin shuɗin haske ya fi ji, ja da rawaya kusan bai san da su ba, to sama tana ƙonewa ta fito fari ba gajimare, jar rigar sojan Ingila kuma ta fito baƙa-baƙa. Na biyu tsawon lokacin da madubi yake buɗe, daga daƙiƙa uku har zuwa ashirin gwargwadon haske. Duk abin da ya motsa a wannan tsakanin sai ya shafe, igiyar ruwa ta kwanta, tuta ta zama hayaƙi, doki ya fito da kai biyu, wanda ya wuce da sauri ma ba zai fito ba sam. Saboda haka in ka ga bakin tashar kamar ba mutane kada ka yarda, wurin a cike yake da 'yan dako, gilashin ne bai kama su ba.

Mutum ya je yaƙi, me zai sa ya ɓata gilashi a kan kango?

Dalili na farko ya fito a amsar da ta gabata, dutse ba ya motsi. Na biyu, makonnin farko a Balaklava ya yi su yana fama da sauke kaya da neman dawakin da za su ja keken, abin da ke gabansa kenan, kuma a garin nan duk inda ka juya ka fuskanci teku hasumiyoyin suna saman kanka. Na uku, Fenton idon mai zane gare shi, kuma Turawan Ingila na zamanin suna da son hoton kufai, tsoffin majami'u da gidajen sarauta da suka rushe, shi kansa ya ɗauki irinsu da yawa a ƙasarsu kafin yaƙin da bayansa. Ya san me zai shiga kasuwa.

Akwai kuma dalilin da ni na fi ba wa nauyi. Iyalan sojoji sun shafe watanni suna karanta sunan Balaklava a jarida, suna rubuta shi a bayan ambulan, ba su taɓa ganin wurin ba. Ganuwar ita ce alamar da za ta sa a gane garin da kallo ɗaya, kamar yadda Dutsen Dala yake sa a gane Kano. Uwar da ɗanta yake can, ta ga wannan tsaunin ta san nan ne jirginsa ya tsaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

In na samu hoton, me ya kamata in duba?

Ka kalli hasumiyar ka more, amma ka sauko da idonka ƙasa, don a nan yaƙin yake. Mashigin Balaklava siriri ne, tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da rabi ba, bakinsa a murɗe yake har daga teku ba a ganin akwai tasha a ciki. Ga jiragen Jenowa na ƙarni na 14 wannan ni'ima ce, maɓoya ce mai kyau, amma ga rundunar dubban mutane da dawakai da manyan igwoyi ya yi kaɗan ƙwarai. Shi ya sa a hotunan za ka ga jirage an jera su gefe da gefe, sandunansu sun yi duhu, bakin ruwa kuma tsibin katako, buhuna, ganguna, harsasan igwa an tara, ga garken shanu da aka sauke don yanka.

Wannan cunkoson ya ci rayuka. Ranar 14 ga Nuwamba 1854 aka yi wata muguwar guguwa, jirage da dama suna waje a gindin duwatsun da ganuwar take kai saboda ba wuri a ciki, iska ta yi ta maka su da dutse. Cikinsu har da jirgin Prince, sabo, ɗauke da dubban rigunan sanyi da magunguna, ya nutse da kusan duk mutanensa. Sai hunturu ya shigo, hanyar da ta tashi daga tashar zuwa sansanonin da ke kan tudu, tafiyar kilomita goma da ɗoriya, ta zama taɓo, dawakai suka mutu, abinci yana ruɓewa a bakin ruwa sojoji suna mutuwa da yunwa da sanyi a can sama. Birtaniya ta rasa mutum sama da 20,000 a yaƙin nan, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, kwalara ce da atini da zazzaɓi da sanyi.

Fenton ya iso ne bayan mafi munin ya wuce, shi ya sa a nasa hotunan za ka ga alamun gyara: bukkokin katako sababbi a gefen tsauni, da layin dogo da 'yan kwangila Peto da Brassey da Betts suka fara shimfiɗawa a Fabrairu 1855, cikin kamar mako bakwai ya hau tudu. A can sama kusa da kangon kuma aka kafa asibitin bukkoki da aka sa wa sunan ganuwar, saboda iskar wurin ta fi ta cikin gari tsabta, nan aka yi jinyar shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale da zazzaɓi ya kwantar da ita a watan Mayu 1855.

Me ya sa babu gawa ko ɗaya? Hana shi aka yi?

Faɗa dai kyamararsa ba za ta iya kamawa ba, mun yi bayani a sama. Amma gawa ba ta motsi, kuma ya gansu, ya rubuta a wasiƙunsa, har da ranar 18 ga Yuni da harin ƙawance a kan Sevastopol ya watse aka yi ta kwaso mutanen da ya sani. Saboda haka zaɓi ne ya yi.

Wasu suna cewa gwamnati ce ta tura shi ya wanke ta, tunda rahotannin William Howard Russell a jaridar Times sun tona asirin sakacin da aka yi har gwamnatin Firaminista Aberdeen ta Birtaniya ta faɗi a farkon 1855. Abin da yake a fili shi ne, ɗan kasuwa ne ya biya kuɗin, masu sayen kuma iyalan hafsoshi ne, ba wanda zai rataye gawar ɗan wani a falonsa, shi kansa Fenton a teburin janar-janar yake cin abinci da takardar fada a aljihu. Ni dai ba na kiran hotunan ƙarya, duk abin da ke ciki ya faru, amma wanda zai koyar da su ya haɗa da labarin hunturun da ke amsar da ta gabata, in ba haka ba ɗalibi zai tashi da tunanin cewa yaƙin Kirimiya zaman shan iska ne a bakin teku, kuma wannan zalunci ne ga waɗanda suka mutu a taɓon nan.

An ce ya yi coge a wani hoto, na ganuwar fa?

Maganar a kan hoton da aka fi sani da Kwarin Inuwar Mutuwa ce, wanda ya ɗauka ranar 23 ga Afrilu 1855 a wani kwari kusa da Sevastopol. Guda biyu ne daga wuri ɗaya, ɗaya harsasan igwa suna cikin kwalbati hanya fayau, ɗayan kuma ga su warwatse a kan hanya. Errol Morris, mai shirya fim ɗan Amurka, ya bi diddigin abin a 2007, ta hanyar duba ƙananan duwatsun da suka gangara tsakanin hotunan biyu aka gano wanda hanyar take fayau shi aka fara ɗauka, wato wani ya ɗora harsasan daga baya. Ko don hoto ya yi kyau ne, ko sojoji ne suke tattarawa don a sake harba su, har yanzu ana muhawara.

Na ganuwar ba wannan rigimar, ba mai iya matsar da tsauni ko jirgi. Hannun mai hoto a nan yana wajen zaɓen inda zai tsaya da abin da zai bari a waje. Hotunan mutane kuwa kusan duk shiryawa aka yi, dole ne ma, tunda sai an ce kowa ya tsaya cak.

Musulmin da suka yi yaƙin suna cikin hotunan?

Suna ciki amma kaɗan, kuma yawanci manya. Akwai hoton Umar Pasha babban kwamandan Turkawa, shi kaɗai da kuma zaune a teburi tare da Lord Raglan na Ingila da Janar Pélissier na Faransa a watan Yuni 1855, 'yan makonni kafin Raglan ya rasu. Rundunar Sarkin Istanbul ta haɗa da sojoji daga Masar da Tunisiya, Faransa ma ta zo da 'yan Aljeriya.

Abin da yake min ciwo shi ne labarin ƙananan sojojin. A yaƙin Balaklava na 25 ga Oktoba 1854 su aka ajiye a ƙananan sansanonin gaba, na farkon ya riƙe wuri sama da awa guda a gaban rundunar da ta ninka su sau da yawa, aka kashe musu mutane da dama ba a kawo musu ɗauki ba, da suka janye kuma aka ɗora musu laifi aka kira su matsorata. Bayan nan aka mayar da da yawansu 'yan dako, suka yi ta mutuwa da cuta a lungunan garin da ke ƙarƙashin ganuwar nan. Ba za ka ga wannan a gilashin kowa ba.

Ta yaya mutanen wancan lokacin suka ga hotunan? A jarida?

Jarida ba ta iya buga hoto kai tsaye ba sai wajen shekarun 1880. Abin da ake yi shi ne mai sassaƙa ya kwafi hoton a kan katako a buga zanen, mujallar Illustrated London News ta yi haka da wasu na Fenton. Ainihin hotunan an baje su a Landan daga Satumba 1855, sannan wasu garuruwa, an kai wa Sarauniya, an kai wa Napoleon na Uku a Faransa, Agnew kuma ya riƙa sayar da su a manne a kan kwali.

Sai dai ciniki bai yi yadda aka so ba. A watan da aka buɗe baje kolin Sevastopol ta faɗi, abin da jama'a suke son gani kenan kuma Fenton ba shi da shi, ga tsada. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Faris da ta kawo ƙarshen yaƙin a Maris 1856 sha'awar ta mutu, ragowar aka yi gwanjonsu. Fenton ya bar sana'ar gaba ɗaya a 1862 ya koma aikin lauya, ya rasu a 1869.

Ba shi kaɗai ya ɗauki Balaklava ba, ta yaya zan bambanta nasa da na wasu?

Wanda aka fi rikita su da shi James Robertson ne, Bature mai sassaƙa tambarin kuɗi a gidan buga kuɗin Sarkin Istanbul, tare da abokin aikinsa Felice Beato wanda daga baya ya yi suna a Indiya da Sin da Japan. Su sun yi aikinsu galibi bayan tafiyar Fenton, har zuwa 1856. To lokaci shi ne mabuɗi: duk hoton da ya nuna cikin Sevastopol, ko rusassun sansanonin Malakoff da Redan, ba na Fenton ba ne, ya riga ya tafi. A na Balaklava kuma, in ka ga bukkoki sun yi yawa sun hau gefen tsauni, bakin ruwa ya kintsu, ya fi kama da na Robertson.

Sai ka duba rubutu. Na Fenton da aka sayar suna da bugaggen rubutu a ƙasan kwalin da sunansa da na Agnew da kwanan wata, Robertson kuma yakan sa hannu a jikin dodon hoton ta yadda sunan zai fito a kusurwa. Kwafin da ke yawo a intanet yawanci an yanke gefen, wasu ma an shafa musu launi da kwamfuta, irin waɗannan kada ka kafa hujja da su.

Ganuwar tana nan har yau?

Tana nan, amma ba kamar yadda take a 1855 ba, kuma wannan ne ya ƙara wa hotunan daraja. Girgizar ƙasar Kirimiya ta 1927 ta taɓa ta, sannan a yaƙin duniya na biyu sojojin Tarayyar Sobiyet suka kafa layin tsaro a kan tsaunin lokacin da Jamusawa suka kewaye Sevastopol a 1941 zuwa 1942, ta sha luguden wuta na gaske. A 2008 wani babban ɓangare na babbar hasumiyar ya rufta bayan ruwan sama mai yawa. Masu binciken kufai da masu gyara suna komawa ga tsoffin hotunan ne su ga tsayin bango da siffar hasumiyoyin da yanzu babu su.

Tashar ma ta canza. A zamanin Sobiyet an rufe garin, aka haƙa rami cikin dutsen da ke ɗaya gefen mashigin don ɓoye jiragen yaƙi masu nutso, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi. Game da zuwa kuwa, Rasha ta karɓe Kirimiya daga Yukren a 2014, yawancin ƙasashen duniya ba su amince ba, kuma tun 2022 yankin yana cikin yaƙi, ba wurin yawon buɗe ido ba ne yanzu.

A ina zan ga hotunan da kyau, kuma zan iya amfani da su a aikina?

Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka yana da guda 263 da ya saya daga dangin Fenton a 1944, ya sa su a intanet kyauta, kuma ana iya sauke manya waɗanda za ka zuƙo ka ga igiyoyin jirgi ɗaya-ɗaya. Taskar gidan sarautar Ingila ma tana da ɗaruruwa. Ka rubuta sunan Fenton da Balaklava a wajen nema, za su fito, har da waɗanda aka ɗauka daga bakin gadar sauke shanu suna kallon hasumiyoyin.

Haƙƙin mallakar hotunan ya daɗe da ƙarewa tunda mai su ya rasu tun 1869, amma wasu gidajen tarihi suna da sharaɗi a kan kwafin da su suka yi, to ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton kafin ka sa shi a littafi ko abin sayarwa. Ka rubuta sunan wanda ya ɗauka da shekarar da inda ka samo, kuma in don aji ne ko bincike ka sauke babban fayil ɗin ko da zai ci data, don ƙaramin ba ya nuna kayan da ke bakin ruwa.